Sarƙar Solvej da Hatimin Babanta

Ranar da Troels ya fara ganin Solvej, a ɗaure take jikin sandar fitilar titi, garin kirfa ya rufe ta daga kai har takalmi.

Ta cika shekara ashirin da biyar ba aure, kuma ƙawayenta ba su raga mata ba. Sai da suka jiƙe ta da ruwa sannan suka juye mata kirfar, suna ihu suna ɗaukar hoto. Troels na kan keke zai koma aiki bayan cin abincin rana. Da wucewa zai yi, don a garin Aarhus al'ada ce a yi wa wadda ta kai wannan shekarun ba aure haka, ba abin tsayawa kallo ba ne. Sarƙar wuyanta ce ta tsayar da shi.

Ya jingine keken, ya kutsa cikin 'yan matan.

"Ku cire mata sarƙar nan tukuna," ya ce. "Garin zai shige ƙarƙashin dutsen."

Wata doguwa ta ce, "Kai kuma daga ina? Ko mijin ne ya iso a makare?"

Suka kwashe da dariya. Solvej ta buɗe ido ɗaya da ƙyar, ta tofar da gari.

"Bawan Allah, ni ake kashewa a nan, kai sarƙa kake tausayi?"

"Ke wanka za ki yi ki warke. Ita kuwa na san wuyar da na sha kafin na buga ta."

Maganar ta kuɓuce masa ne. Sai ga ido na biyu ya buɗe.

"Kai ka buga ta? Babana ne ya yi min ita da hannunsa. Juya bayanta ka karanta hatimin. Ejvind Munkholm."

Nan Troels ya gane 'yar wa ce a gabansa. Ya daɗe yana aiki a maƙerar azurfa ta Ejvind Munkholm, ya san maigidan yana da 'ya mai aikin jinya a Norway, amma bai taɓa ganinta ba. Kuma da aka sa shi yin sarƙar, ba a gaya masa ta wa ce ba.

"Gogewa nake nufi," ya ce. "Ni na goge ta. Yaron babanki ne ni."

Ta daɗe tana kallonsa ta cikin kirfar. Sannan ta ce, "To, mai gogewa, kwance ni, tunda ka zo."

Ya kwance ta. Hannunsa ya yini yana ƙamshi.

Ga yadda abin yake. A sana'ar nan, duk abin da ya fita daga maƙera hatimin maigida ake buga masa, ko wane ne ya riƙe guduma. Wannan ba sata ba ce, haka kowa ya tarar. Amma na Munkholm ya wuce nan. Tun bayan rasuwar matarsa hannun Ejvind ya fara rawa, har ta kai ko hantsaki ba ya iya riƙewa. Zane, bugu, narki, ɗora dutse, duk Troels ne. Hatimin ma Troels ke bugawa. Da hannunsa yake ɗora sunan wani a kan aikinsa, tsohon kuwa yana gaban shago, hannu cikin aljihu, yana karɓar yabo.

Ejvind ne ya ɗauke shi lokacin da ya zo daga ƙauyensu na bakin teku, Thyborøn, ɗan masunta mai warin kifi, ba wanda zai buɗe masa ƙofa. Shi ya koya masa komai. Don haka ranar da tsohon ya ce, "Ka yi min alkawari ba mai ji, musamman 'yata," Troels bai yi gardama ba. Ya yi alkawarin.

Washegari Solvej ta kawo sarƙar a wanke. Ta ce ta dawo gida ke nan, ta sami aiki a asibitin gari. Ta zauna a kan benci tana kaɗa ƙafa, tana kallon yadda yake bin gefen dutsen da ɗan buroshi. Dutse ne mai launin zuma, irin wanda teku ke tofowa a gaɓar yamma, an rungume shi da azurfa kamar bawon kifi.

"Ka iya riƙe ta," ta ce. "Kamar ka san ta."

"Aikina ne."

"Kullum haka kake, magana ɗaya ɗaya kamar ana sayar maka?"

"Mutanenmu ba su da surutu."

"Su waye mutanenku?"

"Masunta."

"To, ɗan masunta, ka san inda ake shan kofi a garin nan, ko sai na koya maka?"

Daga nan aka fara. Kofi ya zama yawo a bakin tashar jiragen ruwa, yawo ya zama keke biyu a jere cikin daji ranar Lahadi. Shi yana kiranta Kirfa. Ita tana kiransa Masunci. Da safe kafin ya kunna wutar narki sai ya ga saƙo:

"Masuncina, na tashi da tunaninka. Ka ci abinci, kar ka ce min kofi abinci ne. Wata tsohuwa a ɗakin jinyarmu ta ce ina murmushi kamar wadda ta ci caca. Laifinka ne."

Shi kuma, da yake rubutu ba gwaninsa ba ne, sai ya mayar:

"Na ci. Kirfata, jiya na ƙona yatsa don ina tuna dariyarki. Ki zo ki yi jinya."

Amma daɗin bai taɓa cika masa ba. Duk hirar da za su yi, sai ta kawo babanta. Hannun babanta, idon babanta, yadda babanta ya zauna ya yi mata sarƙa duk da baƙin cikin rasuwar mamanta. Tana faɗa tana shafa dutsen. Troels sai ya kalli teku. A aljihunsa akwai wani ɗan ƙarfe kamar guntun fensir, hatiminsa ne na kansa, haruffa biyu na sunansa, TK. Ya yi rajistarsa tun da ya gama koyon sana'a, bai taɓa buga shi a kan komai ba.

Da sanyi ya fara shigowa, ya tari maigidan bayan an rufe shago.

"Maigida, ina son Solvej. Aure nake nufi."

Ejvind bai ɗago ba. "Na sani. Ina da ido, hannu ne ba ni da shi. Ban yarda ba."

"Me na yi?"

"Me kake da shi? Ɗaki ɗaya a saman shagon mai keke?"

"Ba wannan ba ne dalilinka, Maigida. Ka faɗi na gaskiya."

Tsohon ya zaro hannuwansa daga aljihu ya ɗora a kan tebur. Suna ta karkarwa, har cokalin da ke gefen kofi yana ƙara.

"Ga shi nan. Mata da miji ba sa ɓoye wa juna abu har abada. Wata rana za ku yi faɗa, ko ku yi daɗi, ka faɗa mata. Yarinyar nan abu ɗaya ya rage mata da take alfahari da shi. Ni ma abu ɗaya ya rage min, yadda take kallona. Ba zan ba ka ba."

"Ba sai da izininka za ta yi aure ba."

"Haka ne. Je ka gaya mata ta zaɓa, ni ko kai. Ka ga wanda zai ji daɗin abin da ya samu."

Troels ya ɗauki rigarsa ya fita. Ya san Solvej. In ta aure shi a kan fushin babanta, kullum da tsohon za su kwana a tsakaninsu.

Ana cikin haka Asger ya matso. Asger dillali ne, shi ke kai kayan Munkholm kasuwannin waje, mai mota mai sheƙi da takalmin da bai san ruwan sama ba. Ba wawa ba ne. Ya lura zanen gidan ya canja, ya lura tsohon ba ya fitar da hannu. Abin da yake so sunan Munkholm ne, ya saye shi, ya riƙa zuba kaya a injin yana buga hatimin. In ya haɗa da 'yar, ya huta da ciniki. Ejvind kuwa yana ganin ko ba komai sunan zai rayu, sai ya riƙa gayyatarsa cin abinci.

A nan ne, ana cin dankali da kifi, bayan tsohon ya shiga ciki, Asger ya sassauta murya.

"Solvej, ban so in faɗa ba. Yaron nan naku yana bin gari yana cewa shi ke yin komai, wai babanki ya zama hoto. Har sarƙar wuyanki cewa yake tasa ce."

Ƙarya ce, Troels bai taɓa buɗe baki ga kowa ba. Amma ƙaryar ta faɗa a kan wuri mai laushi, don Solvej ba ta manta maganar ranar kirfa ba.

Da safe ta same shi a maƙera, ko rigar sanyi ba ta cire ba.

"Troels, tambaya ɗaya. Wa ya yi sarƙar nan?"

Rabon da ta kira shi da sunansa har ya manta.

"Hatimin yana baya," ya ce.

"Na iya karatu. Kai nake tambaya. Ka kalle ni ka ce babana ne ya yi."

Ya kalle ta. Ya kasa. Ƙarya ba ta fita, gaskiya kuma a ɗaure take. Ta ƙofar da ke tsakanin maƙera da shago yana hango inuwar tsohon, tsaye, yana ji.

"Ba zan ce komai ba, Kirfa."

"Kar ka ƙara kirana haka! Ashe gaskiya ne. Mutumin da ya ɗauke ka daga warin kifi, shi kake ci da baki a gari? Ni kuma mece ce, tsanin hawa shago?"

"Ban taɓa ce wa kowa komai ba."

"Ni ka ce wa! Ranar farko, tun ba ka san ni ba!"

Inuwar tsohon ba ta motsa ba. Troels ya jira, ya jira. Ba ta motsa ba.

Da rana saƙo ya shigo:

"Na so ka da gaske, shi ya sa abin ya yi min ciwo. Kar ka neme ni. Ka bar babana da sunansa, shi kaɗai gare shi."

Troels ya ajiye wayar. Ya zauna ya ƙarasa duk aikin da aka karɓa, ya buga wa kowanne hatimin Munkholm, ya jera su a kan tebur. Ya share benci, ya rataye guduma a inda take. Ya hau jirgin ƙasa ya koma Thyborøn wurin mahaifiyarsa Bodil, ya shiga gyaran raga tare da ƙannen babansa. Hannun da ke ɗora dutse a kan azurfa ya koma tsagewa da gishiri. Ba ya cin abincin kirki, ba ya magana. Bodil ta ce, "In mutuwa za ka yi, ka fita waje, na wanke ɗakin nan."

A Aarhus kuwa shago ya yi tsit. Ejvind yana ce wa masu saye wai yana hutawa ne. Asger ya kawo takardun sayen suna, ya kawo furanni. Solvej tana karɓar furannin tana sa su a ruwa, ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Ta rame.

Sai wata safiya, tana cire rigar aiki, maƙallin sarƙar ya tsinke. Ɗan ƙaramin gyara ne, wanda ko sabon ɗan koyo zai yi kafin kofi ya huce. Ta wuce shago kai tsaye.

"Baba, gyara min."

"Ajiye, zan duba."

"A'a, yanzu. Ban taɓa kwana ba ita ba. Ina so in zauna in kalle ka kana aiki, kamar da ina yarinya."

Ba gwada shi take ba, kewar abin take. Ta ja shi har benci, ta kunna masa fitila, ta miƙa masa hantsaki. Ejvind ya zauna. Ya fitar da hannun dama. Hantsakin ya riƙa buga tebur, ƙas ƙas ƙas. Ya kama shi da hagu don ya tsayar, sai biyun suka kama rawa tare. Ɗan zoben maƙallin ya yi tsalle ya faɗi ƙasa.

Ma'aikaciyar jinya ce. Kallo ɗaya ta san wannan ba rawar jiya ba ce, ba ta bara ba ce.

"Tun yaushe, Baba?"

"Tun mamanki."

"Sarƙar fa?"

Tsohon ya sunkuyar da kai. "Ni na ce a yi miki. Dutsen ma nasa ne, daga gaɓarsu ya kawo. Ni na sa shi ya yi alkawari. Ranar da kika tsare shi ina tsaye a nan, ina ji."

"Kana ji ina zaginsa?"

"Ina ji."

Ba ta yi ihu ba. Ta durƙusa ta nemo ɗan zoben, ta kama hannuwan nan biyu ta riƙe su gam har suka ɗan lafa. Hawaye na zuba ta ce, "Kai wawan tsoho ne, Baba. Ka ɗauka hannunka nake so? Gobe za mu ga likita. Yau kuwa ina da tafiya."

A hanya ta tura wa Asger saƙo gajere: "Ka zo ka kwashe takardunka. Furannin na ba maƙwabta."

Ta isa Thyborøn iska na neman ɗauke mutum. Bodil ce ta buɗe ƙofa, gajeriyar mace mai faɗin kafaɗa. A tagar bayanta ga kwalba cike da duwatsu masu launin zuma.

"Ke ce Kirfar?" ta ce. "Kin mayar min da ɗa kamar busasshen kifi. Yana rumfar raga. In kin je ki yi magana da ƙarfi, taurin kai ya toshe masa kunne."

Ta same shi zaune a kan akwati, raga a cinya. Ya ɗago, ya mayar da kai.

"Baba ya faɗa min," ta ce. "Da bakinsa."

Ya ci gaba da ɗinkin ragarsa.

"Na zage ka a kan abin da ba ka yi ba. Ka yafe min."

"Kin ce ni mai hawa tsani ne."

"Na ce."

"Kin yarda da mai takalmin nan, ba ki yarda da ni ba."

"Kai ma ai ba ka ba ni abin kamawa ba! Ka tsaya min kamar gunki. Me ya hana ka faɗa?"

"Alkawari na yi."

"Ko da za ka rasa ni?"

"In na karya nasa, da me za ki yarda da wanda zan yi miki a coci?"

Sai ta zauna a ƙasan rumfar, cikin ƙaiƙayin raga da warin kifi, ta miƙa masa sarƙar a tafin hannu.

"Ta tsinke, Masunci. Ba mai gyara min."

Ya daɗe yana kallon sarƙar. Sannan ya goge hannu a wando ya karɓa.

"Zan dawo," ya ce. "Amma ki sani, na gama buga sunan wani a kan aikina. Ko babanki ne."

"Wannan ku biyu za ku yi ta. Ni dai nawa na zo ɗauka."

Ba a yi ta da sauƙi ba. Kwanaki Ejvind da Troels suna maƙera ɗaya ba mai ce wa wani uffan, sai gaisuwa. Troels ya narka azurfa ya buga zobba biyu, marasa ado, masu nauyi. Da ya gama ya ajiye su a kan benci, ya tsaya. Hatimin Munkholm na nan a gurbinsa. Bai taɓa shi ba.

Tsohon ya taso, ya ɗauki zobe ɗaya da ƙyar, ya kai kusa da ido.

"Haɗin nan ya ɗan karkace."

"Bai karkace ba, Maigida."

"Bai karkace ba," tsohon ya amsa. "Ina naka? Na san yana aljihunka, shekara nawa ina jin ƙararsa da makullai."

Troels ya fito da shi.

"To me kake jira? Buga."

Ya buga. Sau ɗaya a kowane zobe, TK, ƙarami, a ciki. Ejvind ya ɗauki nasa hatimin, ya ce Solvej ta ɗaure masa shi a matsin ƙarfe na jikin benci, ya kama magagari da hannu biyu. Rawar ba ta hana wannan aikin ba. Ya yi ta gurzawa, gumi na zuba, har fuskar ƙarfen ta zama sumul, ba harafi ko ɗaya. Ba wanda ya ce ya bari. Da ya gama ya jefa shi a akwatin tarkace.

"Yanzu ba mai sayen sa," ya ce. "Ka kula min da ita. In ka sa ta kuka, da ƙafa zan harbe ka, ita ba ta rawa."

An ɗaura auren da bazara a ƙaramin cocin Thyborøn, iska na kaɗa tutoci. Zobban da suka sa a hannun hagu tun baiko suka koma dama, kamar yadda ake yi a can. Wurin cin abinci, ƙannen baban ango suka ɗaga shi sama, suka cire masa takalmi, suka datse bakin safarsa da almakashin raga kamar yadda al'ada ta tanada, doguwar ƙawar nan tana ihu, "Na faɗa muku mijin ne ya zo a makare!"

Da aka zo jawabi Ejvind ya miƙe. Bai sa hannu a aljihu ba. Ya riƙe kofinsa a gaban kowa, abin sha na zuba a kan farin mayafin tebur, ya ce, "Duk abin da kuka saya a wurina tun rasuwar matata, wannan yaron ne ya yi. Ya fi ni. Ban so faɗa ba, na faɗa." Ya zauna.

Can da aka lafa, Troels ya taɓa sarƙar a wuyan amaryarsa.

"In kina so zan goge hatimin baya, in sa na gaskiya."

Ta kama hannunsa. "Bar shi. Wanda ya ba ni ita, sunansa ne a kai. Naka yana nan." Ta juya zoben a yatsanta.

Bodil ta zo ta dafa kawunansu biyu da hannuwanta masu kaushi.

"Allah ya zaunar da ku lafiya, ya ba ku 'ya'ya masu magana, ba irin ubansu ba. Ya sa ku tsufa tare, in hannun ɗaya ya gaza, ɗayan ya riƙe."

Daga ƙarshen tebur, Ejvind ne ya riga kowa cewa amin.